Kuɗin Makka: mun fafe gora da wuri, amma yana yoyo

Goggona, ƙanwar mahaifina, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi tun ina yaro. A shekarar 2019 ta aika a kira ni bayan la'asar, ta ce in taho da biro da takarda. Ta ji a rediyo cewa kujerar Makka ta wannan shekarar wajen naira miliyan ɗaya da rabi ce, tana so in raba mata kuɗin wata-wata ta ga ko abin da mai rai zai iya ne. Na buga lissafi: in tana ajiye dubu 25 duk wata, shekara biyar cif sun ishe ta. Ta yi shiru, ta ƙirga adashi biyu da take zubi, ta haɗa da ɗan abin da 'ya'yanta ke turo mata, sannan ta ce, "To ɗan nan, in Allah ya ara mana rai, nan da shekara biyar ke nan."

Niyyarta ita ce duk ranar da ɗauka ta zo kanta ta sayi ɗan maraƙi ta kai ƙauye a yi mata kiwo, ko ta ƙara wa 'yar sarƙarta ta gwal nauyi. Ni na hana ta. Na ce Goggo, sa yana mutuwa, ana kuma kore shi dare ɗaya, gwal kuwa ɓarawo ɗaya ya ishe shi. Ki kawo a zuba a banki, can ne kuɗi ke kwana lafiya. Ta bi maganata saboda ni ne ɗan boko a gidan. Ba ta taɓa fashin wata ɗaya ba, har a shekarar korona da kasuwa ta tsaya cak. A 2024 kuɗinta suka cika miliyan ɗaya da rabi, kamar yadda na rubuta mata a takarda, ko kwabo bai ɓace ba. A wannan shekarar ce aka fara sanar da kujera a kan kusan miliyan biyar, daga baya aka ce waɗanda suka biya su kawo cikon miliyan ɗaya da dubu ɗari tara, sabon maniyyaci kuma ya zo da miliyan takwas da ɗoriya. Wahalar shekara biyar ba ta kai kashi ɗaya bisa biyar na kujerar da za a sayar mata ba.

Har yau ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Abin da ta ce kawai shi ne kiran bai zo ba tukuna. Na yarda da ƙaddara kamar yadda ta yarda, amma ina ganin akwai abin da ya wajaba mu faɗa wa junanmu da kuma hukumominmu, domin masu irin labarinta suna da yawa a kowace unguwa.

Mun saba cewa Hajji ya yi tsada, kuma a bakin mai naira gaskiya ne. Sai dai a duba da kyau. A 2019 ana lissafa wa alhazai dala a kan naira 305 zuwa 306, wato miliyan ɗaya da rabin nan saura kaɗan ta kai dala dubu biyar. A 2025 maniyyacin yawancin jihohin Arewa ya biya naira miliyan takwas da dubu ɗari huɗu da wani abu, a lokacin da dala take wajen naira 1,550, wato dala dubu biyar da 'yan ɗaruruwa. Ashe a dala ɗan motsi kaɗan kujerar ta yi, a naira kuwa ta ninka fiye da sau biyar. Kuɗin jirgi da dala ake biya. Masauki a Makka da Madina, tantin Mina da Arfa, abinci da motocin jigila, duk da riyal ne, riyal kuwa tun 1986 yana ɗaure da dala a kan riyal 3.75. Makka tana inda take. Kuɗin da ke hannunmu ne ya narke, musamman daga watan Yunin 2023 da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa.

In ana so a ga nauyin abin a wuyan talaka, a auna shi da albashi. A 2019 mafi ƙarancin albashi dubu 30 ne, kujerar Makka albashin wata 50 ke nan. Yanzu mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne, kujerar 2025 kuma ta kai albashin wata 120. Shekara goma mutum bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba. Shi ya sa Najeriya da aka ba kujeru dubu 95 ta kasa cike su a 2024, alhali masallatanmu cike suke da masu hawaye duk lokacin da aka nuno Ka'aba a talabijin. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram su ma suna kuka da tsada, amma sefarsu ɗaure take da yuro, don haka wanda ya tara kuɗinsa shekara biyar ba ya wayi gari ya tarar kashi huɗu cikin biyar sun tafi.

Tara kuɗin Makka sannu a hankali ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu ma a hanya suke tara shi. Mutum zai tashi daga Kano ko Katsina da ƙafa ko da jaki, ya bi ta Borno, ya ratsa Chadi, ya faɗa Darfur, ya yada zango inda guzuri ya ƙare. Ya yi ƙodago, ya yi ɗinki, ya yi wanzanci, ya koyar da allo, ko ya tsinci auduga a gonakin Gezira, har ya haɗa na gaba, ya kai bakin Bahar Maliya a Suwakin ya hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu shekara biyar, wasu goma, wasu kuma can suka zauna, zuriyarsu na nan a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin kogin Nilu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda zai iya tafiya da ƙafa kuma yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya ana lissafa shi cikin masu iko, shi ya sa talakan da ba shi da ko akuya yake ɗaukar sandarsa ya kama hanya. Abin da nake so a lura da shi shi ne, jarin waɗannan mutane ƙarfinsu ne da sana'arsu, abubuwan da faɗuwar kuɗin wata ƙasa ba ta cinye su. Yau wannan hanya ta rufe. Akwai iyakoki, akwai biza, ga yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wanda ko ta sama sai da ya shafe mu, domin jirage sun koma zagaye, kamfanoni suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowane alhaji. Abin da ya rage wa talaka shi ne ya zauna a gida ya tara. To a cikin me zai tara?

Amsar da gwamnati ta bayar a 2024 ita ce tallafi. Gwamnatin tarayya ta fitar da naira biliyan 90, wasu gwamnoni kuma suka biya wa maniyyatansu wani kaso na cikon. Na fahimci dalilin. Mutane sun biya abin da aka ce su biya, manufar gwamnati ce ta karya naira a tsakiyar shiri, bai kamata a bar su su kaɗai da asarar ba. Amma a tsaya a tambaya, hannun wa wannan kuɗi ya shiga? Hannun wanda ya riga ya iya ajiye kusan miliyan biyar. Goggona da ire-irenta, waɗanda faɗuwar nairar ta fi yi wa illa, ko sisi bai kai gare su ba, domin ba su ma isa bakin layin ba. An ɗebi dukiyar kowa da kowa, har da ta wanda asibitin garinsu ba magani, an rage wa masu ɗan hali nauyi na shekara ɗaya. Bayan an dawo kuma aka shiga bincike a kan yadda aka kashe kuɗin, har aka sauya shugabancin hukumar alhazai. Da shekara ta zagayo aka ce babu tallafi, muka koma gidan jiya.

Haka nake kallon kujerun da 'yan siyasa ke rabawa. Ba na ƙyashin wanda ya samu, Allah ya karɓi ibadarsa. Amma al'adar ta koya mana wani mummunan abu, wato kujerar Makka abu ce da ake samu ta hanyar sanin wani, ba abin da ake tsarawa da gumin kai ba. Na san masu sana'a mai kyau da suka shafe shekara goma suna bibiyar ƙofar wani mai muƙami ko za a sa sunansu, ba su taɓa buɗe asusu da sunan Hajji ba. Guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni. Allah da ya wajabta Hajji ya ɗora shi ne a kan wanda ya samu iko. A suratul Baƙara kuma, da wasu mutanen Yaman suka riƙa zuwa ba guzuri suna cewa su masu tawakkali ne, sai aka saukar da umarni cewa a yi guzuri. Tanadi yana cikin ibadar, ba kishiyarta ba ne.

Akwai ƙasar da ta zauna ta yi wa wannan matsala tunani tun da daɗewa. A Malesiya, wani masanin tattalin arziki mai suna Ungku Abdul Aziz ya lura manoman ƙauye suna ɓoye kuɗin Hajji a matashin kai da ƙarƙashin tabarma saboda gudun riba, wasu kuma suna sayar da gona da dabbobi su tafi, su dawo su tarar da talauci yana jiransu a ƙofar gida. A 1959 ya ba da shawarar a kafa asusu na musamman, a 1963 aka buɗe abin da ya zama Tabung Haji. Mutum yana zuba abin da ya sawwaƙa, ana juya kuɗin a harkokin halal kamar gonakin kwakwar manja da gine-gine da hannun jari, ana raba masa riba duk shekara, yana kuma da lambarsa a layi. Iyaye suna buɗe wa jarirai. Indonesiya ma tana da nata tsarin, inda ake ajiye kafin alƙalami a karɓi lamba, a jira shekara ashirin ko talatin a wasu yankunan. Ba na cewa tsarin nasu ba shi da aibu. A 2018 an bayyana cewa bashin da ke kan Tabung Haji ya zarce kadarorinsa, sai da gwamnati ta shiga ta yi gyara. Wannan ma darasi ne gare mu: duk inda kuɗin talakawa suka taru da yawa, sai an sa ido ba dare ba rana.

Mu ma muna da namu. A watan Oktoban 2020 aka ƙaddamar da shirin Adashin Gata a Kano, haɗin gwiwar Hukumar Alhazai ta Ƙasa da bankin Jaiz, daga baya aka shigo da wasu bankunan da ba sa mu'amala da riba. Tunani ne mai kyau, kuma ya fi a ajiye kuɗi a ƙarƙashin katifa, kamar yadda canjin takardun kuɗi na farkon 2023 ya nuna wa masu yin haka. Ana juya kuɗin, ana ba mai ajiya rabonsa. Amma ciwon da ya kama kuɗin Goggo yana nan, domin da naira ake zubawa, da naira ake lissafawa, kujerar kuwa da dala ake saye. A shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kamar 2024, wace riba ce ta halal za ta kamo wannan gudu?

Abin da nake ganin ya kamata mu nema da babbar murya shi ne a sauya ma'aunin. Duk wanda ya zuba kuɗi a asusun Hajji, a rubuta masa darajarsu da dala ko riyal a farashin wannan ranar, a kuma ajiye kaso mai tsoka na asusun a kadarorin halal da ke kawo kuɗin waje, kamar sukuk na dala, wato takardun zuba jari marasa riba da manyan cibiyoyin Musulunci ke fitarwa, ko gwal. Ta haka mai ƙuli-ƙuli za ta san cewa bana ta mallaki kashi goma cikin ɗari na kujerarta, baɗi ta kai kashi ashirin, kuma babu wata sanarwar Babban Banki da za ta mayar da ita baya. A haɗa da lamba a layi wadda ba mai tsallake ta, ko ɗan wane ne. A riƙa buga rahoton asusun duk shekara, a karanta shi da Hausa a rediyo: nawa aka tara, ina aka zuba, nawa aka samu, nawa aka kashe wajen gudanarwa. A kuma kai shi inda mutane suke. Uwar adashi tana bin gida-gida da ɗan littafinta tana karɓar ɗari biyar-biyar, mata sun yarda da ita saboda suna ganinta kullum. In asusun Hajji yana son kuɗin matan cikin gida da manoman ƙauye, sai ya yi tafiya irin tata, ta hannun wakilai masu POS da ƙungiyoyin unguwa, ba ya zauna a ofis a babban birnin jiha yana jiran a zo da fom ba. Da biliyan 90 ɗin nan a irin wannan gini aka zuba su, da har jikokinmu sun ci moriyarsu.

Za a ce wannan zai ƙara wa dala farin jini ya ƙara danne naira. Ban ga haka ba. Dalar da alhazai ke buƙata dole a saye ta ko ta yaya, kuma yanzu ana sayenta ne a dunƙule cikin 'yan makonni, lokacin da kowa ke rububi. Sayenta kaɗan-kaɗan a tsawon shekara ya fi sauƙi ga kasuwa. Abin da ba na goyon baya shi ne kowa ya ruga kasuwar canji ta Wapa a Kano ya sayi dala ya cusa a akwati. Wanda ya saya a watan Fabrairun 2024 da ta doshi naira 1,900 a kasuwar bayan fage, ya ga yadda ta sauko kusan 1,100 a watan Afrilu. Ga jabu, ga ɓarayi. Wannan aiki ne na hukuma mai masana, ba na tsohuwa da jikanta ba.

Kafin a samu haka, dole kowa ya yi dabarar kansa, kuma a nan na koma ɗalibin Goggo. Hikimar da ta so bi tun farko ita ce ta mutanenmu: kada ka ajiye kuɗi, ajiye abin da kuɗi ke bi. San turka yana cin dusa da harawa, amma farashinsa yana tafiya da zamani. Gwal da ake sayar da oza ɗaya wajen dala 1,400 a tsakiyar 2019 ya haura dala 3,000 a 2025, ga kuma tashin dalar kanta a kansa. Kowanne da haɗarinsa. Mutumin Zamfara ko kudancin Katsina ba sai an gaya masa abin da ke samun shanu ba, waɗanda suka sayi hatsi da kaka suka ajiye kuma sun ga yadda farashi ya faɗo a 2025. Saboda haka ba a tara su wuri guda. Wani abu a dabba, wani a gwal, wani a asusun Hajji don a samu shiga layi. Abin da za a guje wa kamar wuta shi ne masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu a wata. MMM ta cinye na mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma a duk lokacin akwai kuɗin Makka a ciki.

Sai kuma lissafin da ba mu cika yi ba, wanda kuɗin kujera ke rufe mana ido a kansa. Akwai fasfo, akwai hadaya ga mai tamattu'i, akwai abin da za a bar wa iyali na wajen kwana arba'in, akwai sana'ar da za ta tsaya. Guzurin da ake ba alhaji ya sauko zuwa dala 500 a 2024. Sannan ga tsaraba, wadda ta zama wani Hajjin daban. Na ga dattijon da ya sayar da gonar gado ya biya kujera, ya ci bashi ya sayo jallabiyoyi da dardumai da agoguna, yawancinsu ma irin waɗanda ake samu a Kantin Kwari da Sabon Gari, ya dawo aka yi walima kwana uku, da damina ta faɗi ya koma yin ƙodago a gonar da take tasa a bara. Mu da muke zuwa yi wa alhaji barka da sauka muna leƙen jaka, muna da hannu a wannan. Dabino da kurɓin zamzam da addu'a sun isa tsaraba, kuma ya kamata malamai su riƙa faɗin haka a wajen bita da kan mumbari, yadda suke koyar da ɗawafi da jifa.

Tsadar nan kuma tana tura wasu ga hanya mai haɗari. Ana zuwa da bizar ziyara ko ta Umara a maƙale har lokacin Hajji, saboda wani dillali ya ce ya fi araha. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu a tsananin zafi, hukumomin Saudiyya kuma suka ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, wato ba su da tanti mai sanyi, ba su da mota, suna tafiya a rana. Yanzu tarar wanda aka kama ta kai riyal dubu 20, ga kora da hana shiga ƙasar na shekara goma. Duk wanda ya ga ana rububin wannan hanya ya san cewa ta halal ɗin ce ta yi wa mutane nisa.

Bayan Sallar layya ta 2024 na koma ɗakin Goggo da takardar nan ta 2019, na ce ta yafe mini shawarar da na ba ta. Ta ce in bar wannan magana, in sake buga mata lissafi. Muka cire kuɗin muka raba uku. Ta sayi maruƙa biyu suna wurin ƙaninta a ƙauye, ta ƙara gwal kaɗan, sauran muka buɗe mata asusun Hajji da su. Har yanzu tana zubin adashinta biyu, ranar Laraba da ranar Asabar, kuma ta ƙara tiya ɗaya a kan gyaɗar da take soyawa. Fasfon da muka yi mata a 2023, lokacin da muke zaton tafiya ta matso, na shekara biyar ne. Yana cikin kwallarta a naɗe da leda, zai ƙare a 2028.